KUKAN KUNNE: A KUNNE YA KE, KO A ƘWAƘWALWA?

Da wuya a sami mutumin da bai taɓa jin kunnensa ya yi kuka ba. Kana zaune shiru, sai ka ji wani siririn amo ya taso maka, shiii, kamar kukan gyare da damina, ya ɗan jima ya ɓace. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindiga ran hawan salla a ƙofar fadar Bauchi, ko ya daɗe yana jiran markaɗe a bakin inji a kasuwar Muda Lawal, ya san abin da mu ke faɗi, don ya kan koma gida kunnensa na ta kuka har dare. Mutanen da su kan ce wai ana ambatonka ne a wani wuri. Ga yawancinmu dai abin ba ya daɗewa. Amma akwai waɗanda nasu in ya zo ya zo ke nan, ba dare ba rana, shekara da shekaru. Ya hana su barci, ya hana su karatu, har wani ya fara tsammani ko taɓuwa ce ta same shi.

Likitoci suna kiran wannan lalura tinitus, daga wata kalmar Latin mai ma'anar kaɗawar ƙararrawa. Ba ƙaramin abu ba ne. A 2022 waɗansu masana suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe da yawa, suka lissafa, suka ga kamar kashi 14 cikin 100 na manyan mutane suna da ita, watau fiye da mutum miliyan 740 a duniya. Fiye da miliyan 120 daga cikinsu kuwa tasu ta yi tsanani. Kun ga ashe duk wanda zai riƙe alli ya tsaya gaban aji, wata rana sai ya gamu da mai wannan lalura, ko cikin yaransa, ko cikin iyayensu, ko kuwa shi kansa.

To, tambayar darasinmu ita ce, amon nan daga ina ya ke fitowa? Na kusa da kai ba ya jinsa. Likita ya leƙa kunnen, sau da yawa bai ga kome ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, amma yaya za a yi a nuna wa na waje? An daɗe ana neman amsar a cikin kunne. Sai da aka sami na'urorin da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana cikin aikinta, sa'an nan aka gane ashe kunne ke tono faɗan, amma ƙwaƙwalwa ke riƙe da shi.

HANYAR DA SAUTI YA KE BI

Sauti motsin iska ne. In an buga ƙararrawar makaranta, ƙarfen ya kan yi karkarwa, ya motsa iskar da ke kewaye da shi, motsin ya yi ta yaɗuwa kamar yadda ruwan tafki ke yin zobe in an jefa dutse. Ya shiga ramin kunne, ya bugi dodon kunne, watau wata 'yar fata mai kama da fatar kalangu. Bayan fatan nan akwai ƙasusuwa uku, su ne mafi ƙanƙanta a jikin mutum, an ba su suna saboda kamanninsu: masaba, da maƙera, da likkafa. Su ke miƙa motsin zuwa wani ɗan murɗaɗɗen ɗaki mai kama da katantanwa, girmansa kamar ƙwayar wake, cike da ruwa.

Cikin katantanwan nan akwai ƙwayoyi masu ɗan gashi a ka, wajen 15,000 a ko wane kunne. In ruwan ya motsa sai gashin ya ranƙwafa, kamar yabanya in iska ta kaɗa, ƙwayar ta mai da motsin saƙo irin na lantarki. An kuwa raba musu aiki. Na bakin katantanwa su ke karɓar siririn sauti irin na usur, na can ƙurya su ke karɓar kakkaura irin na tambari. Jijiyar ji, mai zare wajen 30,000, ita ke ɗaukar saƙon, ta bi da shi zango zango, daga tushen ƙwaƙwalwa wajen ƙeya, zuwa tsakiyarta, har ya isa ɓangaren ji da ke gefen kai, daidai saman kunne. Sai ya isa can mutum ya ke cewa ya ji. Kunne dai ɗan aike ne, ƙwaƙwalwa ce mai ji.

Abu guda ya kamata ku riƙe. Ƙwayoyin nan masu gashi in sun mutu ba su sake tsirowa ga ɗan Adam. Na kaza da na kifi su kan sake fitowa, amma namu in sun tafi sun tafi.

ABIN DA YA SA AKA FARA ZARGIN ƘWAƘWALWA

Tun kafin a sami hoto, abubuwa uku sun tsaya wa masana a rai.

Na farko, a 1953 waɗansu masana biyu na Amurka, Heller da Bergman, suka shigar da mutum 80 masu lafiyar kunne ɗai ɗai cikin ɗakin da aka toshe ko ina don kada sauti ya shiga. Suka ce ko wane ya zauna minti biyar, ya faɗi abin da ya ji. Kashi 94 cikin 100 suka ce sun ji amo, wani kamar ƙugi, wani kamar fito, alhali ba a kunna kome ba. Ashe kusan kowa yana da ɗan amon nan, hayaniyar duniya ce ta rufe shi.

Na biyu, likitoci suka ce in dai a kunne amon ya ke, to, a yanke jijiyar ji mana a huta. A 1981 House da Brackmann, likitocin kunne a Amurka, suka ba da labarin ɗaruruwan mutanen da aka yanke musu jijiyan nan wajen cire wani ƙari. Fiye da rabinsu kukan bai rabu da su ba, waɗansu ma ƙaruwa ya yi. Ga kunne ya kurumce sarai, ba abin da ke fitowa daga gare shi, ga amo yana nan.

Na uku, an daɗe da sanin mutumin da aka yanke wa ƙafa ya kan ji yatsan ƙafar da babu ita yana masa ƙaiƙayi ko zogi. Ƙafa ta tafi, amma gurbinta a ƙwaƙwalwa yana nan yana jiran labari. Masana suka ce, kai, ko kukan kunne ma ɗan'uwan wannan ne?

YADDA A KE LEƘA ƘWAƘWALWA

Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin jijiya wajen miliyan dubu 86. Nauyinta kamar kashi 2 cikin 100 ne na nauyin jiki, amma tana cin wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Duk sashen da ya ke aiki kuwa, jini ya kan ƙaru a wurin don ya kai masa sukari da iskar oksijin. A kan wannan aka gina dabarar.

Ga misali. A ce mutum ya hau dutse ya hangi garin Bauchi. Ba ya ganin abin da a ke yi cikin gidaje, amma in ya ga 'yan garuwa suna ta tururuwa zuwa wani gida, ya san ana gini ko biki a can. To, haka na'urorin nan su ke. Ba su ganin tunani, ba su jin amo, zirga-zirgar jini su ke bi.

Ta farko ana ce da ita PET. A kan yi wa mutum allurar ruwa ko sukarin da aka sa wa wata alama mai fid da hasken da ido ba ya gani, na'ura ta bi ta ga inda ya taru. Ta biyu ita ce MRI, wani babban maganaɗisu mai rami a tsaka kamar bututun kwalbati, mutum ya kwanta a ciki. A 1990 wani masani mutumin Japan, Seiji Ogawa, ya nuna za a iya amfani da ita a bambanta jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ya riga ya sauke, ta haka a gane sashen da ke aiki. Ta uku ba jini ta ke bi ba, lantarkin ƙwaƙwalwa ta ke aunawa ta wayoyin da a ke mannawa a fatar kai. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ya fara yi wa mutum wannan awo a 1924. Daga baya aka ƙera ƙanwarta, MEG, mai auna ɗan ƙarfin maganaɗisun da lantarkin nan ke haifarwa.

Amma akwai wahala biyu. Ɗaya, in kana so ka san aikin fitila sai ka kunna ka kashe, ka gwada ɗakin da haske da kuma babu. Kukan kunne kuwa ba shi da makunni. Biyu, ita MRI kanta ƙara gare ta, ta kan wuce desibel 100, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Neman siririn amo a cikinta kamar neman kukan sauro ne a maƙera. Sai da masana suka yi dabara.

ABIN DA AKA GANI

A 1998, a birnin Buffalo na Amurka, Alan Lockwood da Richard Salvi da abokan aikinsu suka sami mutum huɗu waɗanda in sun dantse muƙamuƙi ƙarfin kukan kunnensu ya kan sake. Ga makunni ya samu. Aka sa su cikin PET, aka ɗauki hoto suna dantse, aka ɗauka sun saki. Ku lura da wannan. Sautin gaske in ya shiga kunne ɗaya, ɓangarorin ji duka biyu, dama da hagu, su kan amsa, don hanyoyin suna haɗuwa tun daga tushen ƙwaƙwalwa. Amma da kukan kunnen ya sake ƙarfi, gefe ɗaya kaɗai ya amsa. Suka ce ashe amon nan bai biyo ta ƙofar da sauti ke biyowa ba, a cikin gida aka haife shi. Suka kuma ga sashen da ke kula da tunawa da motsin zuciya shi ma ya shiga ciki.

To, me zai sa ƙwaƙwalwa ta ƙagi amo? Amsar da yawancin masana suka fi karkata gare ta ita ce rashin saƙo. Wanda ya saba da rediyo ya sani, in tasha ta yi nisa, murya ta yi ƙasa, sai ka murɗa ka ƙara. Muryar ta ɗan fito, amma shuuu ɗin ma ya ƙaru tare da ita. Haka ƙwaƙwalwa ta ke yi in waɗansu ƙwayoyin katantanwa sun lalace, saƙo ya ragu. Sai ta ƙara wa kanta ƙarfin saurare, har ɗan motsin da ƙwayoyinta su ke yi ko da yaushe ya fito fili, ya zama kamar sauti.

Wani zai ce, ai akwai masu kukan kunne da aka gwada jinsu aka ga lafiya lau. Gaskiya ne. A 2009 Sharon Kujawa da Charles Liberman na Boston suka sa ɓeraye cikin ƙara mai tsanani awa biyu. Bayan mako biyu jinsu ya komo daidai ga awo, amma da aka duba katantanwarsu sai aka tarar a wani sashe wajen rabin mahaɗan jijiya sun tsinke, ba su kuwa komo ba. A 2011 Roland Schaette da David McAlpine na Landan suka auna mutane masu kukan kunne waɗanda jinsu ke daidai. Suka ga saƙon da ke fitowa daga jijiyar ji ya ragu, amma kafin ya kai tsakiyar ƙwaƙwalwa ya komo da ƙarfinsa. Wa ya ƙara masa? Ƙwaƙwalwa. Ɓarna ce ɓoyayyiya, wadda gwajin ji na kullum ba ya kamawa.

Ba ƙarfi kaɗai ba, har da haɗa baki. Ko wane ɗalibin da ya je koyon koyarwa ya san ajin da malaminsu bai zo ba. Da fari ɗan gunaguni ne nan da can, ba mai ji daga waje. In an jima sai wani ya fara buga tebur, saura su ɗauka tare, sa'an nan hedimasta ya jiyo daga ofis. Ƙwayoyin jijiyar da saƙo ya daina zo musu haka su ke. Su kan fara harbawa tare a lokaci guda, abin da ya zo tare kuwa ƙwaƙwalwa ta kan ɗauke shi sauti ne. A 2005 Nathan Weisz da abokan aikinsa a Konstanz ta Jamus suka auna da MEG, suka ga kaɗawar lantarkin da ke nuna ɓangaren ji yana hutawa ta ragu ga masu kukan kunne, wata kaɗawa mai nawa kuwa ta ƙaru.

Saura tambaya guda. Mutane da yawa jinsu ya ragu amma ba su da kukan kunne, don me? A 2010 Josef Rauschecker na Jami'ar Georgetown a Washintan, da abokan aikinsa, suka kawo wani ra'ayi. Suka ce ƙwaƙwalwa tana da mai tsaron ƙofa. Dā can, sa'ad da ganuwar Bauchi ke tsaye, ba kowa ke wucewa ta Ƙofar Wunti ko Ƙofar Ran ya isa fada ba, sai wanda mai ƙofa ya bari. Haka nan akwai sassa can gaban ƙwaƙwalwa da ke tace abin da ya isa a kula da shi. Su ne su ke sa ka daina jin fankar ɗakinka bayan ka zauna kaɗan, sai an ɗauke wuta ka tuna ashe tana juyawa. A 2011 suka nuna da hoton MRI cewa sassan nan sun bambanta ga masu kukan kunne. A ganinsu kunne ya haifi amon, mai ƙofa ya kasa tare shi.

A 2015 aka sami wata dama wadda ba kullum a ke samu ba. Wani mutum mai shekara 50 a Iowa ta Amurka yana da farfaɗiya, likitoci suka shimfiɗa wayoyi 164 a kan ƙwaƙwalwarsa don su gano inda ciwon ke tasowa. Aka yi dace yana da kukan kunne. William Sedley na Newcastle ta Ingila da Phillip Gander na Iowa suka riƙa kunna masa wani sauti na daƙiƙa 30, in an kashe, wani lokaci kukan ya kan lafa na ɗan lokaci. Suka gwada sa'ad da ya lafa da sa'ad da bai lafa ba. Suka tarar abin bai tsaya wuri guda ba, ya game kusan duk ɓangaren ji, ya tsallaka har sassan tunawa, da na kula, da na motsin zuciya.

A Jami'ar Illinois kuma, Malama Fatima Husain da ɗalibanta suka ɗauki hoton mutane suna kwance ba su aikin kome. A 2017 suka ba da labari cewa ga wanda kukan kunne ya daɗe masa, ƙwaƙwalwa ba ta sakin jiki sosai ko lokacin hutu, kullum kamar tana kasa kunne. Wannan ya yi daidai da abin da masu lalurar su ke faɗi, cewa su kan gaji, hankalinsu ba ya tsayawa wuri guda.

Kada ku ɗauka duk masana bakinsu ɗaya. A 1998 waɗansu Jamusawa suka ce tsarin jerin sautuka a ɓangaren ji ya kan gurɗe ga masu kukan kunne. A 2012 waɗansu a Groningen ta ƙasar Holan suka sake dubawa da MRI ga waɗanda jinsu bai lalace ƙwarai ba, ba su ga gurɗewar ba. Yawancin binciken nan kuma da mutane kaɗan aka yi shi, har yanzu kuwa babu hoton da likita zai duba ya ce wannan yana da kukan kunne, wancan ba shi da shi. Haka ilmi ya ke tafiya, wani ya gina, wani ya zo ya gwada ƙarfin ginin. Amma kan babbar maganar an daidaita: ɓarna ta kan fara daga kunne, ƙwaƙwalwa ce ke yin amon, ita ke riƙe shi.

ABIN DA KE ƁATA KUNNE A ƘASARMU

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Me ke tsaga bangon a nan wajenmu?

Na ɗaya ƙara. Hira ta kullum wajen desibel 60 ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya jure desibel 80 har awa 40 a mako, amma in ta kai 90 awa huɗu ne kacal a mako. Ga ma'auni mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye nesan hannu da kai ya ji ka, to, ƙarar wurin ta isa yin ɓarna. Ku auna injin niƙa da wannan, da janareta a bakin shago, da maƙera, da masu bugun jikin mota, da lasifikar gidan biki, da iyafis ɗin da samari ke kwana da shi a kunne.

Na biyu cuta. A 1996 sanƙarau ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa, ya kashe fiye da 11,000, cikin waɗanda suka tashi kuwa da yawa ya bar su da kurumta. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, shi ma maƙiyin kunne ne. Tsakanin ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na waɗanda suka kwanta da shi jinsu ya kan taɓu, waɗansu ya komo, waɗansu har abada. A 2023 da 2024 Bauchi tana cikin jihohi uku da cutar ta fi yawa, tare da Ondo da Edo. Ƙyanda da hangum da ciwon kunne mai zub da ruwa su ma suna cikin lissafi.

Na uku magani. Tsofaffinmu sun san yadda kwinin ke sa kunne kuka, haka asfirin in an sha da yawa, amma nasu ya kan wuce in an daina. Allurai irin su jentamaisin da sitireftomaisin kuwa ɓarnarsu ta kan zauna. Magunguna ne masu ceton rai a hannun likita, masu kurumtarwa a hannun wanda bai san awonsu ba. Na huɗu tsufa, wannan kuwa ba mai tsere masa.

AKWAI MAGANI?

Har yanzu babu ƙwaya ko ɗigon da aka tabbatar yana kawar da kukan kunnen da ya zauna. Wanda ya ce muku yana sayar da shi a bakin tasha, kuɗinku ya ke so. Kada a ɗura wa kunne mai ko ruwan ganye, kada a soka masa tsinke ko ashana ko gashin kaza. Amma rashin ƙwaya ba rashin taimako ba ne, kuma abin da hotunan nan suka koya mana shi ne tushen taimakon.

Tun da ƙarancin saƙo ke sa ƙwaƙwalwa ƙara ƙarfi, sai a mayar mata da saƙo. Wanda jinsa ya ragu, na'urar taimakon ji ta kan rage masa kukan. Mai wahalar barci kada ya kwanta cikin tsit, ya bar fanka ko rediyo ƙasa ƙasa. Tun da kuma sassan tsoro da kula suna ciki, sai a lallashi mai ƙofa. Mutum in ya ɗauka amon nan alamar hauka ce ko sammu, ƙwaƙwalwarsa ta kan sa shi cikin abubuwan haɗari, ta yi ta saurarensa, shi kuwa ya yi ta girma. In ya gane abin da ke faruwa, tsoro ya ragu, a hankali amon ya kan koma kamar fankan nan. A kan wannan Pawel Jastreboff ya gina hanyarsa ta sabar da ƙwaƙwalwa tun daga 1990, tare da Jonathan Hazell na Landan. Zama da masanin halayyar ɗan Adam don gyara yadda mutum ke ɗaukar abin kuwa, shi ne hanyar da gwaji ya fi tabbatar da amfaninta.

Ana kuma gwada sababbin dabaru. Susan Shore ta Jami'ar Michigan ta yi shekaru tana binciken zangon farko na tushen ƙwaƙwalwa a jikin ɓeran Masar, inda jijiyar ji ke gamuwa da jijiyoyin fuska da wuya. Gamuwan nan ce ta sa dantse muƙamuƙi ke sake amon. Ta ƙera na'ura mai haɗa sauti da ɗan tsikarin lantarki a kunci ko wuya, don a raba ƙwayoyin nan da suka haɗa baki. Ta gwada ga mutum 20 a 2018, da mutum 99 a 2023, da yawa suka sami sauƙi. A 2023 ɗin kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura mai suna Lenire, ta ƙasar Ailan, wadda ke tsikarin harshe. Sauƙi su ke kawowa, ba warkewa ba.

Akwai alamun da ba a jira da su. In kukan a kunne ɗaya ne kaɗai, ko yana bugawa daidai da bugun zuciya, ko ya zo da jiri, ko kunne na zub da ruwa, a ga likita. In kuwa ji ya ɗauke farat ɗaya, a tafi ran nan, don kwanakin farko su ne na ceto. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan Bauchi yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999. Wani lokaci ma datti ne kawai ya toshe ramin, a wanke a huta.

AIKIN MALAMI

To, 'yan'uwa, ga rabonmu. Yaro in ya ce kunnensa na kuka, a yarda da shi. Ba ƙarya ya ke yi don gudun aiki ba, ba kuma aljanu ba ne. A gaya masa da iyayensa haka, don rabin wahalar tsoro ne. Yaron da ya komo daga jinyar zazzaɓi mai tsanani, a sa masa ido. In ya fara yawan cewa “Na'am?”, ko yana karkata kai gefe guda, ko shifta ta fara ba shi wuya alhali dā gwani ne, kada a ce ya lalace. A komo da shi layin gaba, malami ya fuskance shi in zai yi magana, a aika wa iyaye su kai shi awo. A tambayi yara aikin da su ke yi bayan an tashi, don wani daga makaranta sai wurin inji har magariba. Irin wannan a nema masa abin toshe kunne, a kuma koya masa fita yana hutawa.

Babban abin kiyayewa kuma, kada malami ya mari yaro a kunne. Tafin hannu in ya rufe ramin kunne, iskar da ya tura ta isa ta fasa dodon kunne. Fushin minti ɗaya ya kan bar wa yaro amon da zai tsufa da shi.

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, don ta nan labarin dā ya ke iso mana. Ta nan kuma karatunmu ke shiga kan yara. Ƙwayoyi 15,000 aka ba ko wane kunne, ba a kuwa sayar da su a kasuwa. Rigakafi ya fi magani.

ABIN GWADAWA

1. Da dare, in gari ya yi tsit, ka zauna minti biyar ka rubuta duk abin da ka ji. Wanne ne daga waje, wanne ne ba ka san inda ya fito ba?

2. Ka tsaya bayan abokinka nesan hannu, ya toshe kunne ɗaya, ka raɗa lambobi uku ya maimaita. Ku sake da ɗaya kunnen. Wannan gwaji za ka iya yi wa ajinka duka cikin darasi guda.

TAMBAYOYI

1. Bayyana hanyar da sauti ke bi daga ƙararrawa har ɓangaren ji.

2. Don me yanke jijiyar ji bai kawar da kukan kunne ga mutane da yawa ba?

3. Mene ne PET da MRI su ke aunawa, mene ne kuma ba su iya gani?

4. Kawo wurare biyar a unguwarku da ƙararsu ta isa ɓata kunne, ka faɗi abin da za ka gaya wa yaron da ke aiki a ɗaya daga cikinsu.